Adaidaita, mota, mashin ko keke: wanne ya fi wa mai zuwa aiki kullum a Kano?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lissafin fita aiki a Kano ya rikice wa kowa. Litar da ake sha ƙasa da naira ɗari biyu ta haura ɗari biyar cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 ta tsallake dubu, daga baya ta ɗan sauko amma dai ba ta koma inda aka baro ta ba, kuma babu alamar za ta koma. Albashi mafi ƙanƙanta kuwa 70,000 aka sa wa hannu a Yulin 2024. To mutumin da zai tashi daga Rijiyar Zaki ko Mariri ko Bachirawa kullum ta Allah ya shigo Kwari ko sakatariyar Audu Bako ko asibitin Malam Aminu Kano, dole ya zauna ya yi wa kansa lissafi na gaskiya, don mutane da yawa yanzu kusan rabin abin da suke samu a kan titi yake ƙarewa kuma ba su ankara ba saboda da ɗari uku ɗari uku yake fita.

Ni abin da nake gani shi ne yawancinmu ba da lissafi muke zaɓar abin hawa ba, da idon mutane muke zaɓa. Shi ya sa bari mu sa lamba a gaba tukuna. Mu ɗauka tsakanin gidanka da wurin aikinka kilomita goma ne, zuwa da dawowa ashirin kenan, kwanakin aiki a wata mu ce 22, ka ga kilomita 440 a wata. Mu kuma ɗauki lita a naira dubu don lissafin ya yi sauƙi, kai sai ka sa farashin gidan man unguwarku na yau.

Ƙaramar mota irin su Corolla ko Civic ɗin da aka fi hawa, in tana da lafiya tana cin wajen kilomita goma da lita ɗaya a cikin gari, wato lita 44 a wata, naira 44,000 kenan na mai kawai, kuma wannan in ba ka kunna AC ba, ba ka kuma tsaya a gosulon Kurna ko na 'Yankura injin yana ta aiki kana wuri ɗaya ba. Mashin irin su Boxer ko roba-roba yana yin wajen kilomita arba'in da lita, lita 11 kenan, naira 11,000. Adaidaita in hawa ɗaya ce ke kai ka, mu ce ɗari uku, zuwa da dawowa ɗari shida, a wata 13,200. In hawa biyu ce sai ya zama 26,400, in uku ce ka doshi 40,000, ka kamo mai mota kenan alhali kai a matse kake zuwa. Keke kuma ba ya shan komai sai iska da ɗan man kaca.

To ka ga a nan maganar take, adaidaita ba ta da farashi ɗaya, yawan hawan da kake yi ne farashinta. Wanda gidansa yake bakin titin Zariya kuma aikinsa a kan titin yake, wannan gaskiya ba shi da dalilin wahalar da kansa, ya fito ya ɗaga hannu minti biyu bai cika ba ya samu, ba ruwansa da bakanike, ba ruwansa da neman wurin fakin, ba ruwansa da takardu, in ta lalace a hanya ya sauka ya tari wata. Wannan kwanciyar hankalin ba ƙaramin abu ba ne, kuma masu mota sun fi kowa sanin darajarsa. Amma wanda zai fito daga can cikin Ɗorayi ya hau zuwa bakin titi, ya sake hawa zuwa Kofar Famfo ko Kabuga, ya sake neman mai zuwa Bata, shi kam kullum cikin asara yake, ta kuɗi da ta lokaci, don kowace sauka sai ka tsaya ciniki, sai a ce ba canji, sai direban ya tsaya ɗaukar wani ya sauke wani, tafiyar minti ashirin ta koma awa guda.

Kuma mu tuna yadda aka yi adaidaita ta zama ita ce komai a garin nan. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka shigo da ita, sunan ma daga shirinsa na A Daidaita Sahu ta samo shi, manufar farko ita ce mata su daina hawa acaɓa. Sai a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa, daga nan duk 'yan acaɓan suka koma adaidaita, gari ya cika da ita. Matsalar ita ce babu wani abu babba da aka ajiye a gefenta, ana ta maganar jirgin ƙasa na cikin gari shekara da shekaru, ana kawo bas-bas lokaci zuwa lokaci amma ba su taɓa isar jama'a ba, saboda haka duk ranar da 'yan adaidaita suka ajiye aiki gari ya tsaya cak. Wanda yake Kano a Janairun 2022 lokacin yajin aikinsu kan kuɗin sabunta rajista ya ga yadda ɗalibai da 'yan kasuwa da mata da goyo suka dinga takawa a ƙasa, wasu suna hawa kurkura da bayan akori-kura. A Yulin shekarar kuma gwamnati ta hana su aiki daga goma na dare zuwa shida na safe. Duk wanda zai dogara da adaidaita ɗari bisa ɗari ya sa wannan a ransa, musamman masu aikin dare irin ma'aikatan asibiti da masu gadi da 'yan kamfani a Sharaɗa da Challawa.

Sai maganar tsaro wadda ba na son in wuce ta da sauri. Ƙwacen waya a cikin adaidaita abu ne da kowa ya sani a Kano, ko dai ya faru da kai ko da wani naka, kuma an fi yi da asuba da bayan magariba, daidai lokacin da mai fita aiki yake kan hanya. In za ka hau ka duba waɗanda ke ciki, in ka ga an bar maka tsakiya an ce lallai nan za ka zauna kuma ranka bai kwanta ba to ka haƙura ka jira wata, waya ta zauna a aljihu har ka sauka, ka kuma duba lambar da ke jikin adaidaitar. Ya kamata a yi adalci, mafi yawan direbobin nan magidanta ne masu neman halak, da yawansu ma ba tasu ba ce, balas suke kai wa mai ita kullum kafin su cire na mai su cire na cefane, shi ya sa in mai ya tashi ba su da yadda za su yi sai su ƙara maka, ba mugunta ba ce.

Bas ɗin haya, hayis ɗin nan da ke bin dogayen hanyoyi, ta fi adaidaita sauƙi in tafiyar mai nisa ce kamar mai fitowa daga Panshekara ko Dawanau, sai dai ka haƙura da jiran lodi da matsi.

Yanzu mota. Wallahi ban ga laifin wanda yake son mota ba, rufin asiri ce, ranar da matarka ta tashi da naƙuda ƙarfe biyun dare ko yaro ya kama zazzaɓi mai zafi a nan za ka san amfaninta, ga damina, ga ranar Afrilu da zafi ke kai wa digiri arba'in, ka isa ofis da kayanka fes ba ƙura ba gumi. Amma 44,000 ɗin can da muka lissafa somin-taɓi ne. Akwai juye, akwai taya, akwai batir da zafin Kano ke kashewa da wuri, akwai ƙafa da ramukan unguwa ke ci musamman bayan ruwan Agusta, akwai sabunta takardu duk shekara, inshorar ma da ake biya 5,000 ta koma 15,000 tun farkon 2023. Kayan gyara kuma da dala ake shigo da su, dalar da take ƙasa da ɗari biyar a hukumance kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a 2024, ka shiga Kofar Ruwa ka tambayi kuɗin abin da ka saya shekara uku baya ka ji. Kuma gyaran mota ba ya sallama, ranar ashirin ga wata da aljihu ya bushe ranar za ta ƙi tashi. In ka raba duk waɗannan a kan wata goma sha biyu ka ɗora a kan kuɗin mai, ma'aikacin da albashinsa bai wuce dubu ɗari da hamsin ba yana iya tarar da cewa motar ta fi 'ya'yansa cin kuɗi.

Sannan a wasu wuraren motar ma ba ta ƙara maka sauri. An yi gadoji kam, ta Kofar Nasarawa, ta Dangi, ta Hotoro, doguwar nan ta Sabon Gari, sun taimaka ƙwarai, amma gada tana tsallakar da kai mahaɗa ne ta sauke ka cikin wani cunkoson. Ɗan kasuwar Kwari ko Singa da ya zo da mota sai ya yi ta zagaye yana neman inda zai ajiye, ya biya kuɗin fakin, ya kuma taka mai nisa zuwa shago, da yamma kuma a toshe shi sai mai motar bayansa ya fito. In ka ajiye inda bai dace ba kuma 'yan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, suna kan aikinsu.

Inda mota take cin kuɗinta shi ne in tana cika. Magidancin da zai fita da yara uku ya sauke su makaranta, ya ajiye uwargida a wurin aikinta sannan ya wuce, in ka lissafa kuɗin adaidaitar mutum biyar zuwa da dawowa za ka ga motar ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, ga kuma natsuwar sanin cewa da hannunka ka kai yaranka. Haka ma'aikata huɗu 'yan unguwa ɗaya da ke aiki wuri ɗaya, in suka yi karo-karon mai kowa ya kawo 11,000 ko 15,000 a wata, mai motar ya samu sauƙi su ma sun huta da tsayuwar bakin titi. Sharaɗin kawai a yi maganar kuɗin a fili tun farko, ranar kaza ake bayarwa, ƙarfe kaza ake tashi, wanda ya makara a tafi, don kunya ce take kashe irin wannan tsarin, mai mota ya yi ta cizon yatsa a zuci ya kasa tambaya har zumunci ya lalace. Amma mutum ɗaya tal a cikin mota kullum kujeru huɗu ba kowa, wannan a yanayin da ake ciki ban ga hikimarsa ba sai dai in samunka ya kai. Masu maganar a mayar da mota ta koma gas ɗin CNG, e gas ɗin ya fi fetur araha sosai, amma kafin ka biya kuɗin juyawar ka fara tabbatar da akwai inda za ka dinga sha kusa da hanyarka ba tare da dogon layi ba, in babu to ka dakata.

Mashin shi ne tsaka-tsaki, kuma in kuɗi da lokaci kawai za a duba babu mai kama shi a Kano. Yana ratsa gosulo, yana shiga lungu, ka ajiye shi a ƙofar shago, gyaransa ba ya kai na mota ko kusa, juyensa lita ɗaya ce. Wanda yake kashe 26,400 a adaidaita in ya koma mashin yana rage wajen 15,000 duk wata, ga awa guda ko fiye da zai dinga samu kullum. Amma dole in faɗi ɗaya gefen da ƙarfi, mashin ba shi da bango, kai ne bangon. Ka je asibitin ƙashi na Dala ka ga yadda matasa suke kwance, kuskuren wani ne ma sau da yawa ba nasu ba, adaidaita ta yanko ba sigina ko mota ta buɗe ƙofa. Karaya ɗaya tana cinye duk abin da ka tara na shekara biyu har da bashi. Don Allah in za ka hau ka sayi hular kwano mai kyau ka kuma ɗaure ta, na san zafi, na san ba a saba ba, amma kai ɗaya gare ka kuma akwai masu jiran dawowarka. Sai sata, mashin yana ɓacewa a ƙofar masallaci da kasuwa da gidan biki cikin ƙiftawar ido, makullin kai kaɗai ba ya isa, a ƙara da sarƙa ko a kai wurin masu ajiya a biya. Ka kuma tuna dokar 2013 ɗin nan ta shafi goyo, ko da ka ga ana yi. Mashina masu caji da suka fara yawa yanzu suna da daɗi, ba ƙara ba mai, sai dai ka tambayi kanka awa nawa kuke samun wuta a unguwarku, ka kuma tambayi kuɗin sabon batir tun kafin ka saya, don shi ne rabin mashin ɗin.

Sai keke, wanda shi ne na fi son mu tsaya a kansa don shi aka fi zalunta. Kano gari ne shimfiɗaɗɗe, in ka cire Dala da Goron Dutse babu wani hawa da zai sa ka sauka ka tura, mai matsakaicin ƙarfi yana cin kilomita goma cikin minti arba'in ko ƙasa da haka ba tare da ya yi tsere ba, wato kusan daidai da mai adaidaita hawa biyu, wani lokacin ma ya riga shi. Iyayenmu da shi suka yi aiki, malaman makaranta da ma'aikatan En'e da na kamfanonin Bompai, har masana'antar Raleigh aka yi a garin nan, mai sabon Rali a lokacin abin kallo ne. Yau kuma an mayar da shi alamar talauci, saurayi ya gwammace ya ci bashin kuɗin adaidaita da a gan shi a kan keke a layin su budurwarsa, magidanci yana tsoron a ce wane ya karye. Wannan tunanin yana ci mana kuɗi masu yawa. Keke na hannu mai kyau kuɗin adaidaitar 'yan watanni ne, daga nan sai faci da birki da taya jefi-jefi, kuma mai faci yana kowace kwana. Ga lafiya, masu hawan jini da suga da likita ke ce musu su dinga motsa jiki, ga motsa jikin nan an haɗa maka da hanyar aiki ba sai ka ware masa lokaci ba. Mark Rutte yana firaministan Holan da keke yake zuwa ofis kuma ba wanda ya raina shi.

Sai dai Holan suna da hanyar keke daban, mu ba mu da ita, kuma wannan shi ne babban aibinsa a nan. A titin Katsina ko na Zariya da tirela da tifa da adaidaita za ka raba hanya, kuma babu mai ganin kana da haƙƙi. Ojo Maduekwe yana ministan sufuri a zamanin Obasanjo ya yi ta kiran a koma keke, shi kansa mota ta ture shi a Abuja yana kan kekensa. Saboda haka mai keke sai ya koyi hanyoyin ciki, ya bar manyan tituna inda zai iya, kar ya hau gadar sama, ya sa fitila gaba da baya da riga mai haske in zai kai magariba. Zafi kuma gaskiya ne, daga Maris zuwa Mayu fitar safe ba matsala in ka tashi kafin bakwai, dawowar ce aiki, gara ka jira bayan la'asar rana ta yi sanyi, ka ajiye riga ɗaya da ɗan tawul a wurin aiki, ka riƙe gorar ruwa. Da hunturu takunkumi da man shafawa sun wadatar, lokacin ma ya fi kowane daɗin tuƙi. Da azumi in ya faɗo cikin zafi kar ka matsa wa kanka, ka hau adaidaita a watan. In tafiyarka ta wuce kilomita goma sha biyu zuwa sha biyar, ko kana da ciwon da likita ya hana ka wahala, ko aikinka na ɗaukar kaya ne, to keke ba naka ba ne. Amma ɗalibin Jami'ar Bayero da ke zaune Kabuga ko Ɗorayi, da yaron shago da ke fitowa daga cikin gari zuwa Kwari ko Wambai, da malamin firamaren da makarantarsa ba ta wuce unguwa biyu ba, in dai lafiya lau ne wallahi ban ga abin da ya fi musu keke ba.

'Yan'uwa mata kuma na san duk wannan maganar ta keke da mashin kusan ba ta shafe ku ba, al'adar garin ba ta ba da wannan damar ba, zaɓinku bai wuce adaidaita ko mota ba, ku ne kuma kuka fi shan wahalar matsi da tsayuwar titi. Abin da na ga yana yi wa da yawa aiki shi ne ku haɗu ku uku ko huɗu masu hanya ɗaya ku samu direba ɗaya amintacce wanda aka san gidansu, ku yi ciniki na wata, ya zo ƙofar gida da safe ya dawo da ku da yamma. Shi ya samu kuɗi tabbatacce, ku kun huta da cinikin kullum da hawa da baƙin fuska, kuma in an raba kuɗin shatar sau da yawa bai fi abin da kowacce take kashewa ita kaɗai ba. An kuma fara ganin adaidaita masu lantarki da mata ke tuƙawa suna ɗaukar mata zalla, in hanyarku ta dace da tasu ku gwada.

In kana da mota yanzu ba na ce ka sayar ba, don in ka sayar da wuya ka iya mayar da irinta a farashin yau. Ka bar ta a gida ta zama ta asibiti da unguwa da ranar ruwa, ka dinga tayar da ita kana ɗan zagayawa duk mako saboda batir, ranakun aiki kuma ka fita da abin da ya fi sauƙi. In kuma keke kake tunani, kar ka saya tukuna, ka ari na wani ranar Asabar da safe ka bi hanyar aikin naka ka duba agogo, ka ga inda titi ya matse da inda za ka ratsa ta lungu, in ka dawo ka ji jikinka sannan ka yanke. Ko wanne ka ɗauka ka ware kuɗin adaidaitar kwana biyar ko shida a gefe duk wata, saboda ranar da hadari zai haɗo tun asuba ko taya ta kwana a sace.